Tarihin Mashal Petain, Gwarzon Yaƙin Ramuka

A filinmu na tarihi na bana, mai karatu, za mu ƙetare teku zuwa ƙasar Faransa, domin mu duba rayuwar wani sojan da mutanensa suka ɗaukaka har ya zamana ba shi da na biyu, sannan bayan shekara 27 su ɗin dai suka yanke masa hukuncin kisa. Sunansa Philippe Petain.

An haife shi ranar 24 ga Afrilu, 1856, a wani ƙauye mai suna Cauchy-a-la-Tour a arewacin Faransa. Mahaifinsa manomi ne, mahaifiyarsa kuwa ta rasu tun bai cika shekara biyu ba. Yana ɗan shekara 14 Jamusawa suka ci ƙasarsa da yaƙi, suka ƙwace lardunan Alsace da Lorraine, kuma wannan miki bai warke a zuciyar Faransawa ba. A 1876 ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta Saint-Cyr, shi ne na 403 cikin ɗalibai 412 da aka ɗauka. Malaman makaranta sai su lura da wannan kafin su yanke ƙauna daga yaron da ke zuwa can ƙarshen aji.

Ƙarin girma bai zo masa da wuri ba. Sai da ya shekara 22 a bakin aiki kafin ya zama manjo a 1900, kuma babban dalili shi ne bakinsa. A wancan zamani manyan hafsoshin Faransa sun yi imani cewa zuciya ce ke cin yaƙi: a ɗaura wuƙa a bakin bindiga, a busa ƙaho, a auka wa abokan gaba da gudu. Shi kuwa Petain, da aka ba shi koyarwa a babbar kwalejin yaƙi ta Paris, sai ya riƙa nuna wa ɗalibansa cewa igwa da bindiga mai ruwa sun sauya yaƙi, harsashi kuma ba ruwansa da jarumta. A ganinsa kada a tura mutum wurin da ba a riga an share masa da igwa ba. Manya suka ɗauke shi mai sanyin jiki. Lokacin da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914 yana kanar, yana da shekara 58, yana ta shirin ritaya.

Makonnin farko suka gaskata shi. Jamusawa sun ratso ta Beljiyam da nufin su zagaye rundunar Faransa su kama Paris kafin Rasha ta shirya, abin da ya jawo Ingila cikin yaƙin. Faransawa suka tare su da waccan dabara tasu, sanye da jajayen wanduna da ake hangowa tun daga nesa. A rana ɗaya tak, 22 ga Agusta, an kashe musu kimanin mutum 27,000. Da ƙyar aka tsayar da Jamusawa a kogin Marne a watan Satumba. Da kowa ya ga tsayuwa a fili mutuwa ce, sai aka koma haƙa. Kafin ƙarshen shekara ramuka sun miƙe daga bakin teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, kimanin kilomita 700, wato fiye da nisan Kano zuwa Maiduguri.

Wanda ya san ganuwar garuruwanmu na dā zai fahimci dabarar, sai dai ita wannan ganuwa ƙasa ta nutsa maimakon ta tashi sama. Ramin ya fi tsayin mutum, kuma ba a haƙa shi a miƙe, sai a karkace, lungu bayan lungu, don kada harsashin igwa ɗaya ya share kowa. Akwai layin gaba, da na biyu, da na 'yan ko-ta-kwana, da ƙananan ramuka masu haɗa su. A gabansu an shimfiɗa waya mai ƙaya, sannan fili wanda ba na kowa ba. A ciki kuwa ga taɓo har gwiwa, ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata, ga warin gawa, daga 1915 kuma ga iskar guba. Matsalar da ta gagari janar-janar ita ce wannan: in ka yi kwanaki kana ruwan wuta don ka tsinke waya, ka sanar da abokin gaba inda za ka ɓullo, in kuwa ba ka yi ba, mutanenka za su maƙale a waya a harbe su. Ko ka kama layin farko, jirgin ƙasa zai kawo masa gudummawa kafin taka igwar ta ratso taɓo.

A wannan yanayi ne tauraron Petain ya haska, ya tashi daga kanar zuwa shugaban runduna guda cikin shekara ɗaya. Kuma kada a zaci abin ya tsaya can nesa da mu. Waɗannan ƙasashe uku sun ja daga a Kamaru, inda sojan Nijeriya suka sha wuya a gaban ramukan Jamusawa a Garwa a 1914, kuma Jamusawan da suka kafe a kan dutsen Mora ba su miƙa wuya ba sai ranar 18 ga Fabrairu, 1916. Kwana uku bayan wannan aka fara gumurzun Verdun.

Verdun tsohon gari ne mai sansanoni kewaye da shi a bakin kogin Meuse. Babban hafsan Jamus, Janar Falkenhayn, ya zaɓe shi ne domin ya san Faransawa ba za su yarda su bar shi ba. Bayan yaƙi ya rubuta cewa nufinsa shi ne ya tsiyaye jinin Faransa a wurin, ko da yake masana da yawa suna ganin uzuri ne ya ƙirƙira daga baya. Da igwa kimanin 1,200 aka buɗe wuta ranar 21 ga wata. Ranar 25 sansanin Douaumont, mafi girma a cikinsu, ya faɗi kusan ba tare da faɗa ba. A daren nan aka ɗora wa Petain kayan, washegari kuma ya tashi da ciwon huhu, ya riƙa ba da umarni daga kan gado.

Abin da ya yi ba irin wanda maroƙa ke wa kirari ba ne, aikin lissafi ne. Ya hana kai farmakin gayya don ƙwato abin da aka rasa. Ya tattara igwa ya jera su a tuddan yammacin kogi, inda za su riƙa dukan Jamusawa ta gefe. Manyan hanyoyin jirgin ƙasa sun yanke, saura ƙaramin layi ɗaya da wata hanyar mota daga Bar-le-Duc, mai tsawon kilomita 75 ko kusa da haka, kamar dai Zariya zuwa Kaduna. A kanta aka jera manyan motoci fiye da 3,000 suna kai da kawowa dare da rana, dubban ma'aikata na zuba tsakuwa a ƙarƙashin tayoyinsu, har ta kai ana ɗaukar soja 90,000 da kaya tan 50,000 a mako. Sannan ya kawo tsarin karɓa-karɓa: ba a barin ƙungiyar soja a bakin wuta har ta ƙare, sai a janye ta a kawo wata. Da haka mafi yawan sojan Faransa suka ɗanɗani Verdun, Jamusawa kuwa suka bar nasu a wuri ɗaya suna narkewa.

Babban kwamanda Joffre bai ji daɗin wannan ba, domin Petain na cinye masa sojan da yake tanadi don babban farmakin da aka shirya da Ingila a kogin Somme. A watan Mayu sai aka yi masa ƙarin girma don a ɗauke shi daga wurin, aka ba Janar Nivelle. Farmakin Somme ya fara ranar 1 ga Yuli, kuma a wannan yini kaɗai Ingilishi sun rasa mutum fiye da 57,000, cikinsu fiye da 19,000 matattu. Amma ya tilasta wa Jamus sassauta wa Verdun. A Oktoba aka ƙwato Douaumont, da sojan Afirka cikin waɗanda suka shiga gaba. Da aka tsaya a Disamba, ɓangarorin biyu sun yi asarar mutum fiye da 700,000 tsakanin matattu da masu rauni, layin kuma bai yi nisa da inda aka faro ba.

A ra'ayina aikinsa mafi girma ya zo ne a 1917. Nivelle ya yi alkawarin fasa layin Jamus cikin kwana biyu a tudun Chemin des Dames, ya tura mutane ranar 16 ga Afrilu cikin sanyi da ruwa, har da dubban baƙaƙen soja daga Afirka ta Yamma, aka yi musu kisan kiyashi. Tura ta kai bango. Bore ya bazu a kusan rabin rundunar: sun yarda su tsare ramuka, amma ba za su sake fita ba. Ranar 15 ga Mayu aka naɗa Petain babban kwamanda. Ya bi sansani sansani yana sauraron ƙananan soja, ya gyara abinci, ya tabbatar da hutun zuwa gida, ya dakatar da manyan hare-hare har Amurkawa da tankokin yaƙi su iso. Bai bar horo ba: an yanke wa fiye da 500 hukuncin kisa, amma waɗanda aka harbe ba su wuce 50 ba. Jamusawa ba su gane abin da ke faruwa ba sai da dama ta wuce.

Ya kuma umarci a rage cunkoso a layin gaba, a ɓoye ƙarfi a baya inda igwa ba ta kaiwa. Janar ɗin da ya ƙi bin wannan a Mayun 1918 ya jawo Jamusawa suka sake isa Marne. Wanda ya bi a Yuli ya bar su suka zubar da harsasansu a ramukan da ba kowa. Duk da haka, tsantseninsa yakan kai ga baƙin zato. Da Jamusawa suka fasa layin Ingila a Maris ɗin shekarar, Janar Haig ya ji tsoron Petain zai ja baya ya kare Paris ya bar shi, shi ya sa aka ɗora Foch a kan su duka. An tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba, Faransa ta rasa kimanin mutum miliyan 1.4, Petain kuma ya zama Mashal.

Da a nan ya tsaya, da ba mu da abin cewa. A 1925 ya tafi Maroko ya murƙushe Abdulkarim da mutanen tsaunukan Rif, kuma ba mu ga tausayin nan na Verdun a can ba. A 1940, da Hitila ya karya Faransa cikin mako shida, aka kira shi yana da shekara 84. Halin nan nasa na tsimin jini shi ya sa ya nemi sulhu, mutane da yawa kuma suka gode masa. Amma bai tsaya nan ba. Ya karɓi cikakken iko a garin Vichy, ya yi musabaha da Hitila, gwamnatinsa ta kafa dokokin wariya, 'yan sandanta suka taya kama Yahudawa, aka kwashe kimanin 76,000 daga Faransa, kaɗan ne suka dawo. Abin ya taɓa mu: Chadi da Kamaru sun bi Janar Digol, wanda ya fara aikin hafsa a ƙarƙashin Petain a 1912, Nijar kuwa ta zauna a hannun Vichy har Nuwamban 1942, iyakar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ta zama iyakar gwamnatoci biyu masu gaba da juna.

A Agustan 1945 kotu ta yanke masa hukuncin kisa bisa cin amanar ƙasa, Digol ya mayar da shi ɗaurin rai da rai saboda tsufa. Ya mutu a tsare a tsibirin Yeu ranar 23 ga Yuli, 1951, yana da shekara 95. Burinsa shi ne a binne shi a Douaumont tare da sojansa, inda aka tara ƙasusuwan mutum kimanin 130,000, Faransawa da Jamusawa a haɗe, waɗanda ba a san sunayensu ba. Hukuma ta ƙi. A 1973 wasu magoya bayansa suka tone kabarin da dare suka sace akwatin gawar don su kai shi can, 'yan sanda suka gano shi a wani gareji a gefen Paris, aka mayar da shi tsibirin aka sake binnewa.