Muhammadu al-Kashinawi: Malamin Lissafi Daga Katsina Zuwa Alƙahira

Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi yana daga cikin malaman Katsina na ƙarni na 18 da sunansu ya ƙetare Sahara. Bayan ya ƙoshi da karatu a ƙasar Sudan, inda ya ɗauki ilmi a wajen malamai irin su Muhammadu al-Wali na Bagirmi, ya tafi aikin hajji, daga baya ya yada zango a Alƙahira.

A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan ilmin aufaƙi, wato tsara lambobi cikin gidajen hatimi ta yadda jimillar kowane layi za ta zo daidai, a tsaye ko a kwance ko a karkace. A hatimi mai gida tara, jimillar 15 ce. Bai tsaya ga nuna hatimin da aka gama ba. Ya shimfiɗa ƙa'idar cike gidajen mataki bayan mataki, irin tsarin da masu rubuta manhajar kwamfuta ke bi a yau, ya kuma gargaɗi ɗalibi da kada ya karaya.

A Alƙahira ya zauna a gidan Hasan al-Jabarti, wanda ya ɗauki wannan fanni daga bakinsa, gwiwa da gwiwa. A gidan ya rasu a 1154 Hijira (1741), ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan mai gidan, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, shi ya adana labarinsa. Alƙahira ta riƙe sunansa. Saura manazarta Hausa su dawo da shi gida.