Batilin Siki, ɗan damben Senegal

An haifi Mbarik Fal a garin Saint-Louis na ƙasar Senegal a shekarar 1897, zamanin mulkin mallakar Faransa. Tun yana ƙaramin yaro wata Baturiya ta tafi da shi Faransa. Daga baya suka rabu, ya zauna shi kaɗai, ba uwa ba uba. Ya yi wankin kwanoni a gidajen abinci don ya samu na tuwo. Yana da wajen shekara 15 ya fara damben Turawa, wanda ake yi da safar hannu. A can ne ya samu laƙabin Batilin Siki.

Da yaƙin duniya na farko ya tashi a 1914, sai ya shiga soja. Ya nuna jarumtaka har aka ba shi lambobin girma biyu. Bayan yaƙi ya koma dambe.

Ranar 24 ga Satumba 1922 aka haɗa shi da Georges Carpentier, zakaran duniya, wanda duk Faransa take alfahari da shi. Dubban mutane suka cika filin wasa a kusa da Paris. Daga baya Siki ya faɗi cewa an shirya da shi ya faɗi da gangan, Carpentier ya ci. Amma da ya shiga fage, zuciyarsa ta ƙi yarda. A turmi na 6 ya buge Carpentier har ƙasa. Alƙalin wasa ya ce Siki taɗiye shi ya yi, ya ba Carpentier nasara. Ƴan kallo suka yi ta ihu, suka ƙi amincewa. Dole aka sake hukunci. Siki ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kambin duniya a dambe.

Ƙin sayar da wasa a gaban manya abin koyi ne ga kowane yaro. Sai dai abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ji.

Jaridu da yawa suka riƙa zagin sa saboda baƙar fatarsa, har suna kamanta shi da biri. Blaise Diagne, ɗan majalisa daga Senegal, ya tashi ya kare shi a majalisar Faransa. Shi ma Siki bai taimaki kansa ba. Kuɗi suka shigo, ya riƙa watsa su. Ya kama shan giya, ya rage motsa jiki. Har da ɗan zaki yake yawo a titunan Paris, mutane suna bin sa da kallo. Ɗan damben da ya bar horo kuwa, ƙarfinsa ba ya daɗewa.

Ranar 17 ga Maris 1923, a birnin Dublin, Mike McTigue ya karɓe kambin. Wata shida kacal Siki ya riƙe shi. Ya tafi Amurka neman sa'a, amma shan kaye ya yi yawa, kuɗi suka ƙare.

Ranar 15 ga Disamba 1925 aka tsinci gawarsa a bakin wani titi a New York. An harbe shi sau biyu a baya. Shekarunsa 28. Ba a gano wanda ya kashe shi ba.

A 1993 aka ɗauko ƙasusuwansa daga Amurka, aka rufe su a Saint-Louis, garin da aka haife shi.