Aristo, malamin Girka da ya leƙa cikin tumbin saniya

Duk wanda ya taso a kara ya san saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, kuma cikinta kashi huɗu ne. Ni ɗan fataken shanu ne a nan Abule Egba, a mayankar Oko-Oba na koyi wannan tun ina yaro. To, sama da shekara 2,300 da suka wuce, wani mutumin Girka ya rubuta haka a littafi, har da dalili: dabbar da ba ta iya tauna abinci sosai tun farko, ita ke buƙatar ciki mai yawa da kuma tuƙa. Ya ma lura cewa raƙumi ma yana tuƙa, ga shi ba shi da ƙaho. Sunansa Aristo.

An haife shi a garin Sitagira a shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Babansa likitan sarkin Makidoniya ne. Yana ɗan shekara 17 ya tafi birnin Atina neman ilimi wajen Aflaɗun, ya yi shekara 20 a gabansa. Da malamin ya rasu sai ya bar garin. A tsibirin Lesbos ya zauna yana feɗe kifi da sauran halittun ruwa, kuma littattafansa sun ambaci dabbobi kusan iri 500.

A shekara ta 343 Sarki Filib ya kira shi ya koyar da ɗansa Iskandar, wanda daga baya ya ci ƙasashe har Indiya. A 335 ya koma Atina ya buɗe makarantarsa. Amma fa baƙo ne a garin, ba shi da ikon mallakar ko fili, mu mazauna kudu mun san yadda zaman baƙunci yake idan iska ta juya. Iskandar na mutuwa a 323, mutanen Atina suka tasar wa duk mai alaƙa da Makidoniya. Aka zargi Aristo da raina gumakansu, ya tattara ya gudu Kalkis, garin dangin mahaifiyarsa. Can ya rasu bayan shekara guda, yana da shekara 62.

Ba komai ya faɗa daidai ba. Ya ce maza sun fi mata yawan haƙora, abin da ƙirga kawai zai warware. Ya kuma ce wasu mutane bayi aka halicce su, wannan kam ban yarda da shi ba sam.

Babban gadonsa shi ne manɗiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja. An fassara littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, Larabawa suka laƙaba masa Malami na Farko. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare karatun manɗiƙi lokacin da Imam Suyuɗi ya hana shi. Kuma Shehu Abdurrahman Ahalari na Aljeriya, mai littafin tsarki da salla da aka biya mana a makarantar allo, shi ne ya waƙe manɗiƙin a littafinsa Sullam, wanda har yau ake karantawa a zaurukan malamai na Kano da Zariya.