Shehu Abubakar Garbai, uban da ya tara 'ya'yan da yaƙi ya tarwatsa

Mutumin da ke zaune yau a Moduganari ko wata unguwa ta Maiduguri yana cikin garin da Shehu Abubakar Garbai ya kafa a shekarar 1907. A Borno, Abba ake kiran 'ya'yan gidan Shehu, kalmar da asalinta uba ne. Garbai, ɗan Shehu Ibrahim Kura, ya tashi da wannan laƙabi, amma ya gaje shi a lokacin da gidan ya rushe.

A 1893 Rabeh ya ƙone Kukawa, birnin da Shehu Laminu ya gina. Jama'a ta watse cikin daji da ƙauyuka, 'ya'yan sarauta suka zama masu gudun hijira. Bayan Faransawa sun kashe Rabeh a Kusseri a 1900, sai suka naɗa yayansa Sanda Kura a Dikwa, suka ɗora masa kuɗin ladan yaƙi da za a tatso daga talakawa. Da abin ya ƙi, suka tuɓe shi suka ɗora Garbai. Nan ne wuyar ubancinsa ta fara: mutanen da ya kamata ya rufa wa asiri, su ne aka sa shi ya karɓi dukiyarsu.

A 1902 ya bar Dikwa ya koma ɓangaren da Ingilishi suka riƙe. Ya zauna Monguno, ya gwada komawa Kukawa, amma kango ba ya riƙe mutane. Daga ƙarshe ya sauka Yerwa.

Ikonsa na aro ne, wannan ba abin musu ba ne, domin Razdan na tsaye a kansa. Duk da haka, ba Bature ne ya dawo da malamai da fatake da iyalan da suka ɓace ba. Sun zo ne saboda sun ji akwai Shehu da ƙofarsa ke buɗe, mai raba gardama, mai ba da filin gini.

Ya rasu a 1922, Sanda Kura, wanda aka tuɓe dominsa, ya gaje shi. Ɗansa Umar ya hau gadon a 1968, jikansa Abubakar kuma a 2009.