Luís de Camões

Luís Vaz de Camões (an haife shi wajajen 1524, ya rasu ranar 10 ga Yuni, 1580) marubucin waƙoƙi ne ɗan ƙasar Fotugal. Saboda girman matsayinsa, har yau akan kira harshen Fotugis da harshen Camões.

Rayuwarsa

Ya yi aikin soja a Ceuta da ke Arewacin Afirka, inda ya rasa idonsa na dama. A 1552 aka ɗaure shi a Lisbon bayan ya ji wa wani ma'aikacin fada rauni. Sarki ya yi masa afuwa, sai ya tafi Goa ta ƙasar Indiya a 1553. Ya shafe kusan shekara 17 a waje. Jirginsu ya taɓa nutsewa kusa da bakin kogin Mekong, kuma ana ba da labarin cewa ya yi iyo yana riƙe da takardun waƙarsa a sama da ruwa. A hanyar komawa gida talauci ya tsare shi a tsibirin Mozambik, sai da abokai suka biya masa kuɗin jirgi. Ya iso Lisbon a 1570.

Aikinsa da harshen Fotugis

An buga babbar waƙarsa, Os Lusíadas, a 1572. Tana da babi 10 da baiti 1,102, kowane baiti da ɗango takwas, a kan tafiyar Vasco da Gama zuwa Indiya ta teku. Waƙa ce ta kirarin masu cin ƙasashe, kuma ta nuna Musulmi a matsayin abokan gaba. Wannan ba ya ɓoyuwa ga mai karatu.

Muhimmancinta ga harshe ya fi wannan. Fotugis ya samo asali ne daga Latin ɗin da talakawa ke yi a yammacin yankin Iberiya, kuma sai a 1536 Fernão de Oliveira ya buga nahawunsa na farko. A lokacin malamai da Latin suke rubutu, mawaƙan fada da yawa kuma da Sifaniyanci. Camões ya ari kalmomi masu yawa daga Latin ya saka su cikin harshen gida, ya nuna cewa zai iya ɗaukar waƙa irin ta Virgil.

Rasuwa

Sarki Sebastião ya yanka masa ɗan fansho, amma ya rasu cikin talauci, a shekarar da Sarkin Sifaniya ya karɓe sarautar Fotugal. Ranar rasuwarsa ita ce ranar ƙasa a Fotugal. A 1988 Fotugal da Birazil suka kafa kyautar adabi da sunansa, wadda José Craveirinha na Mozambik ya ci a 1991, Pepetela na Angola kuma a 1997.