Paul Dirac, masanin da ya gano kishiyar elektron a kan takarda

A shekarar 1931 wani matashin malami a Jami'ar Cambridge da ke Ingila ya wallafa maƙala, inda ya bayyana cewa akwai wata ƙwaya a duniya da babu mahaluƙin da ya taɓa ganinta. Nauyinta ɗaya da na elektron, ƙwayar nan da ke kewaye cibiyar zarra, amma cajin lantarkinta kishiyar na elektron ne.

Malamin ba shi da ɗakin gwaje-gwaje. A cikin wata jimlar lissafi da ya rubuta shekara uku kafin nan ya tsinci ƙwayar. Shekara guda bayan maƙalar aka ɗauki hoton sawunta a Amurka.

Sunansa Paul Adrien Maurice Dirac, kuma masana fiziks na sanya shi a sahu ɗaya da Isaac Newton da James Clerk Maxwell idan ana lissafa gwanayen da Birtaniya ta haifa, ko da yake sunansa bai shiga kunnen jama'a kamar na Albert Einstein ba.

Gidan da ba a hira

An haife shi ne a birnin Bristol ranar 8 ga watan Agustan 1902. Mahaifinsa, Charles Dirac, ɗan ƙasar Suwizalan ne da ke koyar da Faransanci, mahaifiyarsa Florence kuwa 'yar Ingila ce.

Kamar yadda Dirac ya riƙa bayar da labari bayan ya manyanta, mahaifin ya kafa masa doka cewa ba zai yi magana da shi ba sai da Faransanci, kuma ba ya yafe kuskure. Da yaron ya ga harshen na ba shi wuya, sai ya zaɓi yin shiru.

Shirun ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Abokan aikinsa a Cambridge sun ƙirƙiro wani ma'auni na barkwanci da suka sa wa sunansa, wanda ke nufin kalma ɗaya a cikin sa'a guda.

Ya kammala digiri a fannin injiniyan lantarki a Jami'ar Bristol a 1921, amma bai samu aiki ba saboda matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan yaƙin duniya na ɗaya. Sai ya koma ya karanta lissafi, kana ya wuce kwalejin St John's ta Cambridge a 1923, ƙarƙashin kulawar Ralph Fowler. A 1925 yayansa Felix ya kashe kansa, lamarin da ya ƙara nisanta shi da mahaifinsa.

A wannan shekarar ce Fowler ya miƙa masa wata maƙala ta Bajamushe Werner Heisenberg a kan sabuwar nazariyyar kwantum, wato ilmin da ke bayanin halayyar ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta. Cikin 'yan watanni Dirac ya sake gina nazariyyar da salonsa. A 1927 kuma ya nuna yadda zarra ke fitar da haske da yadda take haɗiye shi, aikin da ake ɗauka a matsayin tubalin farko na nazariyyar filayen kwantum.

Dokoki biyu da suka ƙi jituwa

Babbar matsalar da ke gaban masana a lokacin ita ce haɗa kwantum da nazariyyar da Einstein ya fitar a 1905.

Jigon nazariyyar Einstein shi ne daidaito. Dokokin halitta ba sa sauyawa tsakanin mutumin da ke tsaye da wanda ke cikin jirgi mai tafiya da gudu ɗaya a miƙe, kuma dole lissafi ya ɗauki lokaci da wuri a matsayi guda. Jimlar da Erwin Schrödinger ya rubuta wa elektron a 1926 ba ta cika wannan sharaɗi ba, saboda haka tana aiki ne kawai ga ƙwayar da gudunta bai kusanci na haske ba.

Oskar Klein da Walter Gordon sun kawo wata jimlar da ta cika sharaɗin. Tasu ta siffanta abin da ake kira filin sikela, wato filin da lamba ɗaya tak ta isa ta bayyana shi a kowane wuri, kamar taswirar zafin gari, inda kowane birni ke da alƙalaminsa guda, kuma duk yadda mutum ya juya taswirar alƙalamin ba ya sauyawa.

Sai dai elektron ba haka yake ba. Tun a 1925 aka gano yana da wata siffa da ake kira juyi, mai fuska biyu, sama ko ƙasa, wadda ke mayar da shi tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu. Jimlar Klein da Gordon ba ta san da juyi ba, kuma amsar da ta bayar a kan hasken zarrar haidirojin ta saɓa wa abin da aka auna.

A ƙarshen 1927 Dirac ya tunkari matsalar shi kaɗai. Bai fara da tambayar yadda elektron yake ba. Ya fara ne da tambayar wace irin jimla ce za ta mutunta daidaiton Einstein da dokokin kwantum a lokaci guda. Lambobin yau da kullum suka gaza, sai ya koma ga jadawalin alƙaluma masu layi huɗu da ginshiƙi huɗu, waɗanda idan aka sauya jerin ninka su amsa kan sauya.

Sakamakon, wanda ya fito a farkon 1928, ya girgiza masana. Juyin elektron ya fito daga cikin lissafin ba tare da an cusa shi ba. Ƙarfin maganaɗisunsa ya fito daidai, haka ma layukan hasken haidirojin.

Abin da jimlar ke siffantawa shi ake kira filin sifino, kuma yana da wata ɗabi'a ta ban mamaki. Duk abin da muka sani, idan aka juya shi zagaye ɗaya cikakke, zai koma yadda yake. Sifino kuwa sai an juya shi zagaye biyu, domin zagayen farko na sauya alamarsa daga ƙari zuwa ragi. Mai son ya ga misalin haka zai iya ɗora kwano a tafin hannu, ya juya shi ta ƙarƙashin hammata ba tare da ya kife ba. Bayan zagaye ɗaya hannun zai murɗe, idan kuma ya ci gaba ta saman kai a fuska ɗaya, zagaye na biyu zai warware murɗewar.

Amsoshi biyu da suka yi yawa

Amma jimlar ta zo da nata tashin hankalin. Amsoshi huɗu take bayarwa, alhali biyu ake buƙata. Sauran biyun na nuna elektron mai makamashi ƙasa da sifili, kuma in har irin wannan matsayi na nan, babu abin da zai hana kowane elektron faɗawa cikinsa, zarra ta rushe.

Da wani ne, da wataƙila ya share amsoshin ya ce ba su da ma'ana. Dirac ya ƙi. A ƙarshen 1929 ya ba da shawarar cewa dukkan waɗannan matsayai a cike suke da elektron, kamar teku, kuma idan ɗaya ya fice zai bar gurbi, wanda za a gani tamkar ƙwaya mai cajin ƙari, kamar yadda ake ganin kumfar iska a cikin ruwa.

A nan ne ya yi tuntuɓe. Ƙwaya ɗaya ce mai cajin ƙari da aka sani a lokacin, wato furoton, sai ya ce gurbin shi ne furoton, duk da cewa furoton ya ninka elektron nauyi fiye da sau 1,800.

Masanin lissafi Hermann Weyl ya nuna cewa daidaiton da ke cikin jimlar ya wajabta nauyin gurbin ya zama ɗaya da na elektron. Robert Oppenheimer kuma ya lissafa cewa da furoton ne gurbin, da zarra ta hallaka kanta cikin ƙiftawar ido. Wato dai daidaiton da Dirac ya dogara da shi ne ya dawo ya yi masa gyara, shi kuwa ya karɓi gyaran. Maƙalar 1931 ta biyo baya.

A watan Agustan 1932, Carl Anderson na cibiyar Caltech da ke jihar California ya ga sawun wata ƙwaya mai nauyin elektron da ta lanƙwasa ta ɓangaren da bai kamata ba, yayin da yake nazarin ƙwayoyin da ke faɗowa daga sararin samaniya. Ba hasashen Dirac yake nema ba. A 1933 Patrick Blackett da Giuseppe Occhialini suka tabbatar da ita a Cambridge. An sa mata suna fozitiron, kuma da ita ake ɗaukar hoton cikin jiki da ake kira PET domin gano cutar daji. An samu kishiyar furoton a Berkeley a 1955.

Ɗaukaka da aure

A 1932 aka naɗa Dirac a kujerar farfesan lissafi ta Lucas, wadda Newton ya taɓa riƙewa. A 1933 ya raba kyautar Nobel da Schrödinger yana da shekara 31. Ya so ya ƙi karɓa saboda ƙyamar 'yan jarida, sai Ernest Rutherford ya nusar da shi cewa ƙin karɓar zai fi jawo su.

A 1937 ya auri Margit Wigner, 'yar ƙasar Hangari, mace mai yawan magana da son jama'a. Ta zo da 'ya'ya biyu, suka kuma haifi mata biyu. Ɗan'uwanta Eugene Wigner shi ne ya nuna a 1939 cewa daidaiton Einstein kaɗai ya isa ya rarraba dukkan ƙwayoyin da za su iya wanzuwa bisa nauyinsu da juyinsu.

Daga nan fahimta ta sauya. Wolfgang Pauli da Victor Weisskopf sun nuna a 1934 cewa filin sikela ma yana da kishiyoyi ba tare da wani teku ba, don haka aka ajiye tekun Dirac, aka riƙe jimlarsa. A yau ana ɗaukar kowace ƙwaya a matsayin motsi a cikin wani fili da ya game ko'ina. Pauli ya kuma tabbatar a 1940 cewa ƙwayoyin filin sifino ba sa yarda biyu su zauna a matsayi ɗaya, kuma wannan ƙin cunkoson ne ya ba zarra girmanta, ya sa dutse ke da tauri.

Ginin da mai shi ya ƙi amincewa da shi

Abin da ya rage wa Dirac na rayuwa, kusan rabin ƙarni, ya tafi ne a kan rashin gamsuwa.

Nazariyyar da ya kafa kan bayar da lambobi marasa iyaka idan aka zurfafa lissafi. A ƙarshen shekarun 1940 Richard Feynman da Julian Schwinger da Sin-Itiro Tomonaga da Freeman Dyson suka samo dabarar kawar da su, kuma dabarar ta yi nasara ƙwarai. Jimlar Dirac ta ce ma'aunin maganaɗisun elektron 2 ne cif, gwaji ya nuna 2.0023, sabuwar dabarar kuwa ta bayar da wannan ɗan bambancin, kuma a yau lissafi da gwaji sun dace zuwa alƙaluma fiye da goma.

Dirac bai taɓa yarda ba. A ganinsa lissafi na ƙwarai kan yi watsi da abu ne idan ya yi ƙanƙanta, ba don ya yi girman da ba a so ba. Ya ci gaba da neman wata hanya, matasa suka wuce suka bar shi. Yawancin masana na ganin bai yi wa dabarar adalci ba, musamman bayan Kenneth Wilson ya fayyace ma'anarta a shekarun 1970.

Wani hasashen nasa ma bai tabbata ba. A jawabinsa na Nobel ya ce mai yiwuwa rabin taurari da kishiyoyin ƙwayoyinmu aka gina su. Binciken sararin samaniya bai nuna haka ba. James Cronin da Val Fitch sun gano a 1964 cewa daidaiton ƙwaya da kishiyarta na da ɗan gibi, amma gibin bai kai ya bayyana dalilin da ya sa kishiyoyin suka ɓace ba, kuma har yanzu ana neman amsar.

Ya bar kujerarsa ta Cambridge a 1969, ya koma Jami'ar Jihar Florida da ke Tallahassee a Amurka, inda ya rasu ranar 20 ga watan Oktoban 1984 yana da shekara 82. A 1995 aka kafa masa allon tunawa a majami'ar Westminster da ke Landan, kusa da kabarin Newton, aka sassaƙa jimlarsa a kai.

Shi kuwa filin sikela, wanda aka ajiye gefe a 1928, ya dawo ta hannun Peter Higgs, wanda ya yi karatu a makarantar sakandaren da Dirac ya yi a Bristol, inda ya riƙa ganin sunansa a allon zakarun ɗalibai. A 1964 Higgs da wasu masana suka nuna yadda filin sikela zai iya ɓoye wani daidaito ya ba ƙwayoyi nauyi. Steven Weinberg da Abdus Salam ɗan Pakistan, wanda ya saurari darussan Dirac a Cambridge, suka yi amfani da wannan wajen haɗa ƙarfin lantarki da ƙaramin ƙarfin nukiliya. A cikin nazariyyarsu, elektron na samun nauyinsa ne daga cuɗanyar filinsa na sifino da filin Higgs. An gano ƙwayar Higgs a cibiyar CERN da ke kusa da Geneva a 2012.

Cibiyar da Salam ya kafa a birnin Trieste na Italiya a 1964 domin masana daga ƙasashe masu tasowa, wadda 'yan Najeriya da sauran 'yan Afirka da dama suka yi bincike a cikinta, ta fara bayar da lambar yabo da sunan Dirac a 1985. Ana sanar da waɗanda suka ci ta ne ranar 8 ga watan Agusta na kowace shekara.