Sarki Njoya na Fumban, wanda ya ƙirƙiro wa al'ummarsa rubutu

Ibrahim Njoya yana ƙaramin yaro ya gaji sarautar Bamun, a yammacin Kamaru, bayan an kashe mahaifinsa Nsangu a yaƙi da mutanen Nso. Mahaifiyarsa Njapdunke ce ta riƙe masa ƙasa. Da wani babban bafade ya yi masa tawaye, sai ya nemi agajin Lamidon Banyo, mahayan Fulani suka murƙushe tawayen. Ta wannan hulɗa ya ga littattafan Larabci a hannun malamai da fatake Hausawa, ya kuma ƙudura cewa harshensa ma sai ya samu rubutunsa.

Tarihin Bamun ya ce a mafarki aka umarce shi ya zana hannu a kan allo, ya wanke ya sha, kamar yadda ake shan rubutu. Wajajen 1896 ya sa fadawansa suka kawo masa zane-zane, ya zaɓi kusan 500. Kamar yawancin alamomin rubutun Masar ta dā, kowanne hoton wani abu ne da ido ya sani. Amma haddace su jan aiki ne, don haka ya yi ta ragewa. Zuwa 1910 saura kimanin 80, kowace alama tana wakiltar gaɓar sauti. Ana kiran wannan tsari A-ka-u-ku.

Njoya ya buɗe makarantu, ya sa aka rubuta tarihi da al'adun Bamun, da ilimin magunguna, aka kuma zana taswirar ƙasarsa. Ya zauna lafiya da Jamusawa, har a 1908 ya aika wa sarkinsu kyautar karagar mulki, wadda take Balin har yau.

Faransawa da suka gaje su ba su aminta da sarki mai makarantu da rubutun kansa ba. Sun rage masa iko, makarantun suka mutu, a 1931 suka kai shi Yawunde, inda ya rasu a 1933.

Yau masu iya karanta rubutun kaɗan ne, alhali dubban takardu na ajiye a fadar Fumban. A 2009 an shigar da haruffan cikin tsarin kwamfuta na duniya, ana kuma ƙoƙarin koya wa matasa, domin a samu masu karanta abin da kakanninsu suka rubuta.